Zauren Baba Akawu: Kuɗin Giya, Buhun Dawa da 'Yar Leda

Assalamu alaikum, masu karatu. Akwatin zauren nan ya saba cika da zancen adashe, bashin banki da rigimar gado. Wannan karon sai ga wasiƙu huɗu a jere, daga mutanen da ba su san juna ba, duk suna zagaye abu ɗaya: giya. Da farko na so in kau da kai, don magana ce da ake yi ƙasa-ƙasa a garin nan na Kaduna. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana ƙirga albashin ma'aikatan masaƙa a Kakuri, ƙanshin dafaffen tsiro daga kamfanin giya yana shigo masa ta taga duk lokacin da iska ta juyo, ba shi da bakin cewa bai san zancen ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, akawu ne. Inda magana ta kai ga hukunci, zan faɗi abin da kowane ɗalibin zaure ya sani, in ja bakina. Inda ta kai ga lissafi kuwa, nan ne gonata.

TAMBAYA: Baba Akawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne. Kullum a Facebook 'yan Kudu na yi mana gori, wai muna fasa kwalaben giya da rana, da dare mu miƙa hannu mu karɓi kason harajinta. Na rasa amsar da zan ba su. Da gaske ne kuɗin giya na shiga asusun jihohinmu?
Ɗalibi daga Tudun Wada

AMSA: Ɗana, da gaske ne. Kada ka ƙarar da datarka wajen musanta abin da ke rubuce a takardar gwamnati. Bari in nuna maka ƙofofin da kuɗin ke bi, sannan mu ga ko gorin ya kai girman da ake ba shi.

Kwalbar giya ba ta shiga kasuwa sai an biya mata wani haraji na musamman da Hukumar Kwastam ke karɓa a kan kayan da aka sarrafa a cikin gida, irin su giya da taba. A watan Yunin 2018 gwamnatin Buhari ta ɗora shi a kan yawan ruwan da ke cikin kwalba: kobo 30 a kowace santilita ta giya, wato naira 18 a babbar kwalba mai santilita 60, barasa mai ƙarfi kuwa naira ɗaya da kobo 50 a santilita. Daga baya an ƙara shi. Wannan kuɗin, da harajin ribar kamfanin, duk Asusun Tarayya suke faɗawa, wanda ake rabawa wata-wata a Abuja tsakanin gwamnatin tarayya, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Babu rariyar da ake tace shi da ita. Albashin malamin firamare na Rigasa da na Sabon Tasha daga tukunya ɗaya ake kwaso su.

Wanda ake hayaniya a kansa shi ne VAT, harajin da mai saye ke biya a kan kaya da hidima. An fara karɓarsa a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Mu ƙaddara, don lissafi ya yi sauƙi, kwalba naira 1,000 ce kafin haraji. VAT ɗinta naira 75 ke nan. A sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, tarayya na ɗaukar kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. To kason jihohi a wannan kwalba naira 41 ne da 'yan kwabbai. Rabinsa ake rabawa daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. In ka raba wancan rabin, abin da zai faɗo wa Zamfara ta wannan ƙofar daga kwalbar da aka sha a Fatakwal kobo hamsin ne da ɗoriya. Ƙanƙani ne, amma kwalaben ba ɗaya ba ne, kuma ƙanƙantar abu ba ta sauya masa suna.

Gorin ya yi ƙarfi ne a 2021, lokacin Nyesom Wike yana gwamnan Ribas, da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce jiha ce ke da hurumin karɓar VAT, Legas ma ta yi maza ta kafa tata dokar. Hotunan fasa kwalaben da ake yawo da su kuwa galibi na Hisbar Kano ne, wadda a Nuwamban 2020 ta lalata kwalabe kusan miliyan biyu a zama ɗaya. Sai kuma Oktoban 2024, da gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a nan Kaduna suka ƙi ƙudurin da zai ba da kashi 60 ga inda aka samo harajin. Wannan ja-in-ja ne ya haifi kashi 30 ɗin da na ambata.

Ga abin da za ka iya faɗa musu, ba sai ka zagi uban kowa ba. A tsohon tsari haraji hedikwatar kamfani yake bi. Katin wayar da aka saya a Kawo, simintin da aka yi gini da shi a Rigachikun, taliyar da aka ci a Zariya, ana rubuta harajinsu ne a inda kamfanin ke biya, galibi Legas. Sannan abin da Arewa ta fi samarwa, masara, dawa, wake, tumatir, albasa, doka ta ɗauke masa VAT saboda abinci ne. Ba ya fitowa a littafi, amma tirelolinsa na gangarawa Kudu kowane dare. Kuma kai ɗan Kaduna ne, a jiharka ma ake dafa giyar: Nigerian Breweries ta buɗe kamfaninta na Kakuri tun 1963, tana da wani a Kudenda, ga mashaya daga Barnawa har Sabon Tasha, kowace kwalba da harajinta.

Rigimar ma ta girmi kakanka. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka yi a babban birnin Beljiyam a 1890 ta hana kai barasar Turawa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, aka sa Arewa a wannan sahu. Kudu kuwa babban kuɗin shigarta a wancan zamani fiton barasar da ake kawowa daga Holan da Jamus ne. Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, kasafinta ba ya cika sai an ciko daga baitulmalin Ingila da kuma daga Kudu. Yana cikin dalilan da suka sa Gwamna Lugga ya haɗe ƙasar a 1914. Ka ga ke nan, tun hedikwata tana Zungeru, kafin a dawo da ita nan, ana hana kwalba a wannan ɓangare, ana taɓa fitonta daga wancan.

Akwai kuma wadda ba su za ka gaya wa ba, kanmu za mu gaya wa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tukunyar nan ba giya ce kaɗai a cikinta ba, akwai harajin bankunan da ke cin kuɗin ruwa, akwai na kamfanonin taba. Jihar da ke son ta ce wannan kason ba na so, sai ta fara iya biyan albashinta daga abin da ta tara da hannunta. A iya shekarun da na yi ina bin takardun rabon nan, ban ga kwamishinan kuɗin da ya mayar da canji ba.

TAMBAYA: Baba Akawu, Allah ya ƙara girma. Ni manomi ne, ina yin dawa da masara. Shekara uku ke nan wasu dillalai na zuwa da tirela da kaka, suna zaɓar farar dawa mai tsabta, su ɗora wani abu a kan farashin kasuwa, kuɗi hannu. Yanzu yarona da ke karatu a Zariya ya ce kamfanin giya suke kai wa, wai cinikin ya haramta. Gidan ya rabu biyu. Mene ne gaskiya?
Manomi daga ƙaramar hukumar Soba

AMSA: Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai maka labarin ƙarshe ba.

Da can da tsiron sha'ir ake dafa giyar kwalba, wanda ake shigowa da shi daga Turai. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, kamfanoni suka juyo kan dawa da masara, ba don suna so ba. Ina Kakuri a lokacin, na ga yadda layin manyan motoci ya sauya kama. Da kayan Legas muke gani, sai ga motocin hatsi daga kasuwannin ƙauye, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, buta a gefe, suna jiran awo. Daga baya an sassauta hanin, amma dawa ta riga ta samu gurbi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da irin da ke tsira da kyau, kamar gajerar kaurar nan da ake kira SK5912. Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu: a jiƙa hatsi, a bar shi ya tsira, a shanya. Shi ne dai tsiron da matanmu ke sa wa kunun zaƙi, kuma da shi masu burkutu ke aiki tun kaka da kakanni.

To amma ba giya kaɗai ake yi da wannan tsiron ba. Maltina da Malta Guinness da ire-irensu, waɗanda ake rabawa a walimar sauka da ɗaurin aure har a soke da tsinke a sha gaban malamai, kamfanonin giyar ne ke yin su, kuma dawa na shiga ciki. Dusar da ta rage bayan an tace, masu kiwo ke saye. Ban da su akwai masu haɗa abincin kaji, akwai 'yan sarin da ke kaiwa Dawanau. Najeriya na noma dawa tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, mafi yawanta kuma a tukunyar tuwo da kunu take ƙarewa. Saboda haka ganin tirela a bakin kasuwa bai isa hujja ba.

Abin da ya sa suke ɗora maka wani abu a kai kuwa, dala ce. Da aka saki naira a tsakiyar 2023, Nigerian Breweries ta rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 106, akasari saboda canjin kuɗi, har a Afrilun 2024 ta sanar da dakatar da aiki na wani lokaci a biyu daga cikin kamfanoninta tara, na Kakuri na ciki. Wanda dala ta ƙona haka, duk abin da zai samu a gida da naira zai bi shi har bakin gona. Kuma tsiro ba ya son tsakuwa, ba ya son ƙwaro, ba ya son gauraye, shi ya sa suke tsince mai tsabta.

Abin da muka taso muka ji a zaure, a mazhabarmu ta Malikiyya, shi ne ba a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Ma'aunin shi ne sani. Wanda ya kai buhunsa kasuwa ya sayar wa mai saye, ba a ɗora masa bin diddigin kowace ƙwaya ba. Wanda kuwa aka ba shi iri da taki bashi, ya dangwala a takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin giya, wannan ya sani. Kai kana tsakanin biyun ne, kuma tambaya ɗaya za ta fitar da kai. Ka tambayi dillalin ina yake kaiwa, ka ce ya nuna maka takardar da yake ba direba. Sai ku ɗauki amsar, kai da yaron, ku je wurin malamin da ku duka kuka yarda da shi. Tare za ku je, ba kowa ya nemo nasa ba, don haka ake raba gida.

Nawa aikin shi ne in ce ka rubuta bambancin. Buhu nawa kake sayarwa, nawa suke ɗorawa a kan kowanne? Ka ninka. Abin da ya fito shi ne ainihin abin da ake rigima a kai, kuma mai yiwuwa ka tarar bai kai girman hayaniyar ba. Manomin da ya iya riƙe wani ɓangare na hatsinsa zuwa bazara yakan samu abin da ya fi ƙarin dillalin kaka, ban da shekarar da farashi ya karye, irin yadda aka gani a 2025. Kada ka je ka ce Baba Akawu ya ce ka kulle rumbu duka.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya bar mana gida mai shaguna uku a Nasarawa, ƙetaren gada. Mun tashi daga can tun rikicin 2000. Wani ɗan haya yana so ya haɗe shaguna biyu ya buɗe mashaya, ya ce zai ninka kuɗin haya. Ƙannena sun ce ai doka ba ta hana ba a can. Haka ne?
Babbar 'ya daga Unguwar Sanusi

AMSA: Hajiya, a maganar shari'ar Musulunci Kaduna ba ta bi hanyar Zamfara ko Kano ba. Bayan jinin da aka zubar a Fabrairu da Mayun 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta shimfiɗa sulhu a 2001: kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga masu buƙatarsu, na majistare suna nan yadda suke. Hukuncin shan giya Musulmi ya shafa, kuma wannan ba sabon abu ba ne, tun kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa na 1960, wato Final Kod, sashe na 403, akwai hukunci a kan Musulmin da ya sha ba don magani ba. Sayarwa kuwa maganar lasisi ce. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisin sayar da barasa da sa ido a kai. Kuma fasa bango a mayar da shagon tireda mashaya sauya amfanin gini ne, yana buƙatar izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. In babu waɗannan takardu, ranar da aka zo da jan fenti, gininku za a shafa wa, shi kuwa ya kwashe kujerun robarsa ya ƙara gaba.

Ninkin hayar ma ki dube shi da kyau. Mashaya cin gini take: kiɗa har tsakar dare, janareta, ban ɗaki, faɗa, sintirin 'yan sanda. Masu iyali da ke haya a cikin gidan za su fara neman wani wuri, abin da kuka samu a shago ku rasa shi a ɗakuna. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai cin kuɗinta, ba sai na karanta miki ba, kuma dukiyar gado ce, ko mutum ɗaya ne a cikinku bai yarda ba, za a sa masa abin da ba ya so a cikin kasonsa. Ko wa kuka ba haya nan gaba, ku rubuta a yarjejeniya irin sana'ar da aka amince a yi a shagon, da cewa sauya ta ba da izini ba ya warware hayar. Lauya zai tsara muku wannan a shafi biyu.

TAMBAYA: Baba, ina rubuto maka ne hannuna na rawa. Ina wankin kayan ɗana mai shekara 17, yana koyon tuƙin Keke Napep, sai na tsinci 'yan ledoji uku a aljihunsa, an yage bakinsu, suna warin barasa. Ya ce wai maganin basir ne da sanyi, ɗari-ɗari ake sayarwa a bakin tasha. Ba an ce gwamnati ta hana ba? Mu a unguwarmu ko shagon giya babu.
Uwa daga Rigasa

AMSA: 'Yata, Allah ya shirya mana zuri'a. Wasiƙarki ce ta sa na yarda na buɗe wannan zancen baki ɗaya.

A zamaninmu na masaƙa giya tana da wuri, tana da lokaci, tana da tsada. Ranar albashi nakan zauna a bayan taga da tulin ambulan, in kira lamba, mutum ya sa hannu ya karɓa. Akwai wani mai gyaran injin saƙa, gwani na gaske, in ya kasa kunne ga ƙarar inji zai gaya maka wane ƙarfe ne ya sassauta. Matarsa takan zo tun azahar ta tsaya a bakin ƙofa da goyo, don ta san in ya riga ta tsallaka titi, mai mashaya na can na jiransa da littafin bashi, sai abin da ya yi saura ne zai ga gida. Wata rana ta leƙo tagata ta ce, "Akawu, don girman Allah ka raba ambulan ɗin nan biyu." Ƙa'idar aiki ba ta ba ni wannan dama ba. Abin da na iya shi ne na riƙa tsallake lambarsa, in yi ta kiran na baya, har sai na hango kallabinta a bakin ƙofa. Abin da nake so ki gani shi ne, a wancan lokacin mai sha sai ya yi tattaki, ya zauna inda za a gan shi, ya kashe kuɗi mai kauri. Kunya da tsada su ne suke tsare yaro ɗan shekara 17.

Leda ta rushe duka biyun. Giyar kwalba ƙarfinta wajen kashi 5 ne cikin ɗari, wato babbar kwalba na ɗauke da kimanin mililita 30 na zallar barasa. 'Yar leda mai mililita 30, in ƙarfinta kashi 40 ne, tana da 12. Ukun da kika tsinta sun fi kwalba guda ke nan, a kan naira 300, kuma sun shige aljihu babu mai jin ƙararsu. Na taɓa tsayawa a wata tasha a cikin garin nan da asuba ina jiran mota ta cika. Ga teburin mai goro da alewa da sigari, ledojin na rataye a igiya, jere, kamar na omo. Direbanmu ya miƙa kuɗi ko uffan bai ce ba, ya ciza gefe, ya zuƙe, ya kora da ruwan leda, ya jefa goro a baki, ya ce mu shiga. Duka bai kai minti ɗaya ba. Ni dai na sauke jakata na jira ta gaba. Wasu ledojin an zana musu saiwa da ganye a jiki, shi ya sa ake fakewa da basir da ciwon baya.

Maganar hani kuwa, ga yadda take. A Disamban 2018 Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna da Ma'aikatar Lafiya suka yi yarjejeniya da masu kamfanonin barasa, aka ba su shekara biyar su daina zuba barasa a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, hukumar ta fara rufe wurare, sai masu masana'antu da 'yan ƙwadago suka fito zanga-zanga, suna cewa jari zai narke, ayyuka za su tafi. Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗaga zuwa ƙarshen 2025. A Nuwamban 2025 Majalisar Dattawa ta ce kada a sake ɗagawa. Ki lissafa: ranar da aka sa hannu a takardar farko, yaronki bai wuce shekara goma ba. A cikin jan ƙafar nan ya girma har ya kai ga teburin mai goro.

Masu kamfanin suna da hujjar da ba za a raina ba. Sun ce in aka hana ta fili, ta ɓoye za ta maye gurbinta. An ga haka a Amurka, da ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba har aka janye dokar. A nan gida ma, a 2015, barasar gargajiya ta ogogoro mai gauraye da sinadarin metanol mai guba ta kashe gomman mutane a Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas. Kuma na san ɗacin rufe kamfani, ni da aka sallame mu daga masaƙa, har yau akwai haƙƙoƙinmu da ba mu gani ba. Duk da haka ina bayan hanin. Hana leda ba irin abin da Amurka ta yi ba ne. Babban da ke sha zai samu kwalbarsa, kamfani zai ci gaba da aiki, abin da aka cire shi ne ƙaramin matakin da yaro ke iya takawa da kuɗin tara. Masana harkar lafiya sun daɗe suna cewa farashi da sauƙin samu su ne manyan linzamai. A kan haka ne Sikotilan ta kafa mafi ƙarancin farashin da za a iya sayar da barasa a 2018, don mafi arha ita ta fi yin ɓarna.

Kin ce ko shagon giya babu a unguwarku. Wannan ne makantar da ke damunmu a wannan ɓangare na kogin Kaduna. Mun ɗauka tunda ba ma ganin kiret a ƙofar shago, shike nan. Alhali binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, ban da giya da taba, kuma a shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin bayan an ga irin ɓarnar da ya yi wa 'ya'yanmu, har da matan aure. Katafila na iya take kwalba miliyan a gaban kyamara, ba ta iya shiga aljihun wando.

Yanzu ga abin yi. Kada ki tara masa jama'a, kada a fara da duka, yaron da aka kunyata a fili yakan ƙara nisa. Ki sanar da mahaifinsa, ko kawun da yake jin nauyi, a zaunar da shi cikin sirri a tambaye shi tun yaushe, sau nawa a rana, kuma ko akwai ƙwaya a haɗe. A je a ga ubangidansa na Keke, don shi ya san da wa yake yini, kuma a san abin da yake samu kullum da inda yake tafiya. In ya zama kullum yake sha, har hannunsa na rawa da safe ko barci ya ƙi zuwa in bai sha ba, to kada a ce ya yanke dare ɗaya ba tare da likita ba, yankewar gaggawa ga wanda jikinsa ya saba tana iya jawo jijjiga. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kula da masu shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin hauka, komai za a ce a unguwa. Jiha ma tana da hukumarta mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, KADSAMHSA.

Mai sayarwar kuma, mai unguwa da shugabannin tashar sun fi kowa sanin teburinsa, ta nan za a fara. Ledojin nan uku kada ki jefar. Ki bar su su bushe, ki sa a ambulan ki adana. Akwai sunan kamfani da ƙarfin barasar a jikinsu, likita zai so ya gani, haka ma jami'an NAFDAC in kun kai musu ƙorafi.